Yashi a Takalmin Shugaban Haikali

Al'amarin ya fara ne a wata safiyar Litinin cikin watan Oktoba na shekarar 2016, lokacin da aka kai rahoton sata daga wani ƙaramin haikalin mabiya addinin Hindu da ke unguwar Queens. An ɗauke mutum-mutumin dutse mai kan giwa, wanda suke girmamawa fiye da komai a gidan.

Aka miƙa binciken ga Sufeto Shamshon, mutumin Kafanchan wanda ya daɗe a aikin. Kafin ya isa, har an tsare Nimatu, 'yar zangon Kumasi mai sharar haikalin, saboda an tarar da ɓallin dutsen a aljihun rigar aikinta.

A bakin ƙofa Shamshon ya tuɓe takalmansa ya ɗora a kan kanta, kamar yadda kowa ke yi. Shugaban kwamitin haikalin, Mista Venkatesan, ya tarye shi.

"Mahaifina ne ya kawo shi daga Madurai, birnin manyan haikalai," in ji shi. "Mun amince da matar nan, ga sakayyarta."

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da malamin ibada, da ita."

Shamshon ya leƙa ɗakin ciki. Mazaunin dutsen wayam. A gefe, kan faranti, ga sarƙar zinariya da kambi an jera su da kyau.

"Wannan fa?"

"Adonsa ne."

"Ɓarawo ya bar zinariya ya saɓi dutse?"

"Wa ya san zuciyar ɓarawo?" in ji Venkatesan, yana gyara tabarau.

A ofishin 'yan sanda, Nimatu na zaune ta rungume hannu. Da ta ji Hausa a bakinsa, sai idonta ya ciko.

"Mma, kin shiga ɗakin ciki yau?"

"Ban shiga ba, Yallaɓai. An hana ni."

"To dutsen tashi ya yi ya faɗa aljihunki?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na shiga. Madara na gani ta malalo har bakin ƙofa, na ce kafin tururuwa su taru in goge. A nan na tsince shi. Me zan yi da mutum-mutumin, ɗana? Ni mai salla ce. A jirgin ƙasa na subway zan ɗora abin nan har unguwarmu Highbridge, da wannan gwiwar tawa?"

"Me ya sa kika yi mini ƙarya?"

"Wata mai zuwa za a kira ni kan takarduna. Lauya ya ce ko sau ɗaya aka rubuta sunana a wurinku, Ghana za a mai da ni. 'Ya'yana biyu a nan aka haife su, ko Hausa da Turanci suke amsa mini."

Shamshon ya koma haikalin, ya sami malamin ibada, wani dattijo mai farin zane.

"Madarar ta mece ce?"

"Da ita ake yi wa mutum-mutumin wanka. Ni kaɗai aka yarje wa. Jiya ban zo ba, zazzaɓi ya kwantar da ni."

"In ya karye fa, gyarawa kuke yi?"

Dattijon ya girgiza kai.

"Abin da ya karye ba a ƙara yi masa ibada. A naɗe shi a sabon ƙyalle, a miƙa shi ga ruwa."

Da zai fita, Shamshon ya sunkuya zai ɗauki takalmansa. Kusa da su akwai wasu baƙaƙe masu tsada, gishiri ya yi musu farin zane, yashi ya maƙale a ɗinkinsu.

"Na waye?" ya tambayi wata mata mai jera furanni.

"Na shugaba ne."

Washegari da ruwan teku ya janye, Shamshon da abokan aikinsa suka bi gaɓar Jamaica Bay, inda masu ibada kan kai kwakwa da furanni. Jirage masu sauka a filin jirgin JFK na wucewa ta bisa kansu. Can cikin taɓo suka hango jan ƙyalle. Da suka kwance, ga mutum-mutumin, hannu ɗaya a gutsure, an shafa masa jan gari a goshi, an rataya masa furanni. Ɓallin aljihun Nimatu ya zauna daram a gurbinsa.

A haikalin, Venkatesan bai yi gardama ba da aka nuna masa hoton abin da aka tsinto.

"Malam bai zo ba, na ce kada a kwana ba a yi masa wanka ba. Ya zame daga hannuna. Da wace fuska zan gaya wa jama'a na karya abin da mahaifina ya ɗauko daga ƙetaren teku?"

"Shi ne ka yi masa sutura da furanni, ka bar mace a tsare."

"Na ɗauka za ku sake ta. Ba ku da shaida."

"Ka san an ga ɓallin dutsen a aljihunta, ka yi shiru."

Dattijon malamin yana tsaye a bakin ƙofa. Sai ya juya wa Venkatesan baya. Aka sa wa shugaban ankwa bisa laifin kai rahoton ƙarya, ya tsaya ya zura takalman nan masu yashi, aka wuce da shi mota.

An saki Nimatu da yammacin ranar. Amma gidan wata tsohuwa da take jinya da rana sun riga sun ɗauki wata, kuma lauyanta ya ce ko an wanke ta, sai an tambaye ta dalilin kamun.

Shamshon ya same ta a bakin titi tana gyara mayafi.

"Mma, malamin ya aiko. Ya ce a ba ki haƙuri, aikinki na nan, har da ƙari."

"Shi mutumin kirki ne, Allah ya ba shi lafiya. Sauran fa? Shekara nawa ina goge inda suke sa goshi, ba wanda ya ce a tsaya a tambaye ni."

Ta ciro makullin haikalin daga jakarta, ta ɗora a tafin hannunsa.

"Ka mayar musu. Ba zan koma ba."