Da Sauƙi

"Yaya jiki?" in ji na'urar duba marasa lafiya da ke jikin gadon.

"Da sauƙi," in ji Kawu Sallau.

Na'urar ta kunna koren haske, ta rubuta: yana warkewa. Dakta Kubura, 'yar ƙanwarsa, tana tsaye tana kallon gyambon da ya cinye masa kunne. Ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

A Birnin Tsauni, tun da rigar sararin sama mai tace hasken rana ta yage, rana ta zama abokiyar gaba. Wani haskenta da ido ba ya gani yakan manne haruffa biyu na DNA, rubutun da ke cikin kowace ƙwayar halitta. Idan ƙwayar ta zo kwafe rubutun, sai sinadari mai kwafin ya cije a wurin. Akwai wani mai kwafin na ko-ta-kwana, shi ba ya tsayawa, kirdado yake ya wuce. Allurar da Kubura ta ƙirƙiro, shi take zugawa, fata ta rufe da wuri. Amma kirdado kan kirdado, ƙarshensa ciwon daji.

Kawu zabiya ne, aikinsa goge farantan sola a saman benaye. Shi ya fara miƙa hannu a gwaji, abokan aikinsa ɗari uku suka biyo baya. Shekara biyu na'ura na tambayarsu ta waya, suna cewa da sauƙi. Masu ƙera ta ba su san Bahaushe ko a bakin kabari haka zai ce ba. Ita kuwa Kubura ta sani sarai, da wannan gaisuwar ta tashi. Ta ga sakamako ɗari bisa ɗari, ya yi mata daɗi, ta ja bakinta ta yi shiru.

Ta kashe na'urar, ta durƙusa.

"Kawu, tun yaushe yake maka ciwo?"

"Tun damina biyu."

"Me ya hana ka faɗa mini?"



"Na ga sun kafa hotonki a ƙofar asibiti, 'yata. Duk zuriyarmu ba wanda aka taɓa yi wa haka. Ni ne zan sa a sauke?"

Kunya ta hana ta ɗaga kai. Ta taga ana jiyo lasifikar asibiti tana kiran layi na gaba. Mutum dubu goma sha ɗaya aka yi wa allurar tun safe, kuma ko azahar ba ta yi ba.