Ruwan Marigayi Obrad

Da hantsi ne, hazo ya kwanta a kan kogin Danub har ba a ganin ƙetare, sanyi na cizon kunne. Budimir yana tsaye a kasuwar garinmu da baho cike da sharan, kifin tafkinsa, masu rai suna wutsil-wutsil, amma ko tayawa babu. Jama'a duk sun yi layi bayan motar kifin kwali, wanda ake kawowa a daskare daga wata uwa duniya, a rabin kuɗin nasa.

"Maƙwabci, har da kai?" in ji Budimir, da ya hango Dobrica mai aski a layin.

"Har da ni. Kifinka sarki ne, aljihuna kuwa talaka."

"Ka san abin da aka ciyar da shi? Rabi ƙanƙara, rabi Allah masani."

"In ya kashe ni, ka kawo naka wurin sadakata. Ran nan dai na ci kyauta."

Aka yi dariya, ban da Budimir. Shekara uku sharan ke yi kafin ya isa sayarwa. Mahaifinsa, Obrad, sati biyu da rasuwa, ya bar masa tafkin da shi ma ya gada. In lokacin azumin Kirista, da ake cin kifi maimakon nama, ya wuce a haka, tafkin ya zama na wani.

To, a wajenmu in mutum ya mutu, kwana arba'in matan gidan suna ɗebo ruwa suna kai wa maƙwabta da sunansa, don kada ya ji ƙishirwa a can. Uwar Budimir da matarsa Zagorka suna cikin wannan aiki ranar da ya hau tudu wurin Kaka Florika, tsohuwar bokanya.

Mazauninta tsohon gidan niƙa ne wanda ruwansa ya ƙafe. A ciki akwai kasko baƙi, da wuƙa mai baƙin ƙota a soke a ƙasa, da kyandir ɗaya da aka kafa ƙasa-sama yana ci ta gindi. Kawunan kifi busassu a rataye, duk an ɗinke bakinsu da jan zare. Tsohuwar ta watsa ƙwayar masara a kan faifai, ta daɗe tana kallo.

"Kana son shekara uku ta zama sati uku."

"Kaka, ni tafkin ubana kawai nake son riƙewa."

"Ƙarya kake, ɗana. Kana son layin nan ya dawo bayanka. Guga nawa ya rage wa ubanka?"

"Me ya kawo zancen ubana?"

"Ruwan da aka ɗebo da sunansa za ka juye a tafki. Kifin ya sha, shi ya jira."

"Ba zai cutu ba?"

"Matacce ne. Sai dai zai biyo ruwansa, a cikin duk wanda ya ci."

Budimir ya tuna mutanen birni waɗanda bai san fuskarsu ba.

"Gidana ba za su ci ba," ya ce.

"Ni ban tambaye ka ba."

Ya koma ya ce wa matan su huta, bayansu ya gaji, shi zai riƙa kai ruwan da mota, alhali a tafki yake juye shi. Har albarka uwarsa ta sa masa.

Cikin sati uku 'yan ƙananan kifi suka zama kamar cinyar mutum. Ya karya farashi ƙasa da na kwali, motar nan ta daina zuwa. Ya sayi babbar mota, ya sake rufin gida, masu gidajen abinci na birni suna kiransa maigida. Abu ɗaya ne ba ya so: in ya zo bakin tafki, sai kifin su taso su jera baki a buɗe, ba motsi, suna kallonsa. Aka fara jin labarin masu kwanciya da wata irin ƙishirwa a birni. Jami'an lafiya suka gwada kifin, ba su ga komai ba. Shi kuwa ya daina kai ko ƙaya gida.

Ranar Waliyyi Nikola ta zo, bikin gidansu, ranar da ba a cin nama sai kifi. Budimir ya je har wani gari a ɓoye ya sayo kifin nan na daskare kwali biyu, ya ce wa Zagorka shi za ta dafa, ba ya son tambaya. A bikin nan maigida ba ya zama, a tsaye yake yini yana hidimar baƙi. Yana cikin zuba wa mutane abin sha ya ji uwarsa tana cewa, "Wannan romo, kamar Obrad ne ya kamo."

Ya ruga ɗakin girki. "Zagorka, wane kifi ne wannan?"

"Namu mana. Matar mai tafki ta ba baƙi kifin kwali ranar waliyyinta? Da wane ido zan shiga kasuwa? Aladu na zuba wa."

"Kin ci?"

"Wa ke girki bai ɗanɗana ba? Me ya same ka, fuskarka kamar alli?"

Washegari uwarsa ta nemi ruwa. Ta sha kofi, ta sha buta, ta kafa kai a guga. Leɓenta ya tsage, tana cewa, "Obrad, ka yi haƙuri, ai mun aika." Bayan kwana uku ta cika. Ƙanen Budimir, Stojan, aka tsinta da rana tsaka a ƙaramar magudana, ruf da ciki, ruwan bai kai idon sawu ba. Baƙi biyar suka bi su. Zagorka ba ta mutu ba. Takan ɗauki guga wayam tana bi gida-gida, tana roƙon a sha don Allah, da muryar tsoho, har aka kai ta asibitin masu taɓin hankali. Budimir ya hau tudu da gudu, ya tarar da gidan niƙa ba kowa. Tafkin kuma kafin bazara ya zama laka mai wari, ko tsuntsu ba ya sauka.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san wannan: abin da Allah ya ɗibar wa shekara uku, wanda ya ce sai sati uku, da wuyan mutanensa zai cike ragowar. Kada ka yarda da cinikin da aka ce wani can ne zai biya. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma ƙofar gidanka yake fara buɗewa.

Budimir yana nan. Jiya na gan shi zaune a bakin hanya yana jiran motar zuwa asibitin da Zagorka take, iska ta fizge hularsa, bai ko waiwaya ba. Wata mata mai keke ta tsaya, ta ɗauko, ta kakkaɓe, ta ɗora masa a ka, ta ja masa ita har kunne. Bai ɗago ba. Ta hau kekenta ta wuce.