Kwana Tara Don Zoben Hanci

"Uwa, ki ɗan matsa baya, dutsen nan yana da santsi."

Uwa...!

Na yi kwana biyu a mota, na hau dutse da ƙafata tun asuba har tafin ƙafafuna suka yi bororo, wai don in zo in ji Bhuwan ya kira ni uwa. Mutumin da shekara uku da suka wuce ba ya kirana da komai sai 'yar barkonona, saboda tsiwata.

Yana tsaye a bakin rafin da ke bayan ashram, gidan masu ibadar nan na kan dutse, da butar ƙwarya a hannu. An aske kansa ƙwal. Gashin nan da nake yi masa tsiya ina cewa tsuntsu zai iya ƙwai a ciki, babu ko sili. Ya ɗaura mayafi ruwan goro, irin na waɗanda suka saki duniya, masu kiran kowace mace uwa.

"Bhuwan," na ce, "ni ce fa... Yamini ce."

"Na gane ki, Uwa."

"Ka ƙara kirana uwa ka ga yadda zan kwaɗa maka butar nan a ƙoƙon kai!"

Gefen bakinsa ya motsa kamar zai yi murmushi, sai ya sunkuyar da kai yana kallon ruwa.

A garinmu Pauri muka haɗu, a makarantar 'yan mata. Shi yana koyar da lissafi, ni ina koyar da ɗinki. Faɗa ne ya fara haɗa mu, a kan kujerar da ke kusa da taga a ɗakin malamai. Na ce tawa ce, ya ce ba a rubuta sunana a jiki ba. Washegari na zo da alli na rubuta. Tun daga ranar ya shiga uku da ni, ni ma na shiga tara da shi.

Da iyayensa suka zo neman aurena komai ya tafi daidai. An sha shayi, an ci alewar madara, Babuji mahaifina har da dariya. Sai Gwaggo Saroj, ƙanwar Babuji, ta ajiye kofinta a hankali ta ce:

"Af, ba mu ji gotra ɗinku ba."

Mahaifin Bhuwan ya faɗi sunan tsatsonsu. Dariyar Babuji ta ɗauke.

Tsatsonmu ne. Wani waliyyi da ya rayu tun kafin a san rubutu, shi ne kakansu, shi ne kakanmu. Ba mu haɗa jini da kowa ya sani ba, ƙauyukanmu ma ba su kallon juna, amma a wurin mutanenmu ni da Bhuwan wa da ƙanwa ne.

Gwaggo ta san amsar tun kafin ta tambaya. Ta daɗe tana yi wa ɗan mijinta tanadina, wani mai tumbi da ke aiki a Dehradun.

"Yaya, in ka yarda da wannan, wa zai ƙara shan ruwa a gidanka?" ta ce. "Wa zai auri ƙannenta?"

Babuji ya sa muka rantse, ni na dafa kansa, Bhuwan ya dafa ƙafafunsa, cewa ba wasiƙa ba waya tsakaninmu. Bayan wata ɗaya Bhuwan ya ajiye aiki ya hau dutse, yana dafa wa masu ziyara abinci a ashram.

Ni kuwa na zauna na zame wa gidanmu ƙarfen ƙafa. Duk wanda Gwaggo ta kawo ya gan ni, sai in zuba masa gishiri a shayi. Mai tumbin nan sau biyu ya sha, bai dawo na uku ba.

Shekara uku ana haka, sai Kawu Jagmohan, yayan mahaifiyata, ya gaji da ganina ina ramewa. Ya zo ya zauna gaban Babuji ya ce:

"Ka ba ni ita. In ɗauke ta 'ya a gaban wuta da shaidu, ta koma tsatsona. Ni zan aurar da ita da hannuna. An yi wa wasu, sama ba ta faɗo ba."

Babuji ya daɗe yana kallon ƙasusuwan wuyana. Sannan ya ce, "Ɗauke ta. Na gaji da binne 'yata tana numfashi."

Ranar Litinin ce. Na yi kuka, na yi dariya, na rungumi har akuyarmu.

"To maza ki kira shi," in ji Kawu. "Akwai waya a ofishin ashram, rantsuwa ta faɗi."

"A'a, Kawu! A waya? Shekara uku ina jira, sannan in faɗa masa a waya, ban ga fuskarsa ba?"

"Ke dai kin cika taurin kai."

"Sai ka yi mini zoben hancina tukuna. Da shi zan je. Yana ganina da shi ba sai na ce komai ba."

A wurinmu kawu ne ke yi wa amarya babban zoben hanci na zinariya, mai faɗi kamar bakin kofi. Duk wanda ya gan shi a hannun budurwa ya san magana ta ƙare. Kawu ya girgiza kai, ya kai ni wurin maƙeri. Kwana tara na yi kafin in kama hanya.

Yanzu ga ni a bakin rafi, ina kwance ƙullin gyalena. Na fito da zoben, rana ta haska shi.

"Duba, Bhuwan... Babuji ya yarda! Kawu ya ɗauke ni, na bar tsatsonku. Ni ba ƙanwarka ba ce yanzu, ba kuma uwarka ba ce. Cire wannan tsumman mu tafi gida!"

Butar ta suɓuce daga hannunsa. Ruwa ya ja ta, bai ko bi ta da ido ba.

"Ba ki yi aure ba?"

"Aure? Da wa?"

"Gwaggonki ta zo ziyara da bazara. Ni na zuba mata shinkafa da miyar wake da hannuna. Ta ce an yi baikonki da na Dehradun... ta ce ke kika zaɓa... har alewar baikon ta ba ni."

"Ka ci?"

"Na ci."

"Amma kai sakarai ne! Malamin lissafi guda, tsohuwa ta zo da alewa ta yi maka wayo? Ni zan auri wancan buhun? Ba ka san ni ba ne?"

"Na yi rantsuwa ba zan tambaya ba."

"To yanzu ka ji. Wuce mu tafi, yau ake rufe ƙofar haikalin da ke saman dutsen nan, kowa sauka yake yi kafin ƙanƙara ta toshe hanya."

Ya nuna mini wani faffaɗan dutse a gefen ruwa. Akwai baƙin toka a kai, da 'yan ƙwayoyin shinkafa da tsuntsaye ba su gama tsincewa ba.

"Ranar Talata, a nan, na yi jana'izar Bhuwan."

Na san abin da ake yi. Kowa ya sani. Amma na tsaya kamar ban taɓa ji ba.

"Na dunƙula shinkafar matattu, na yi wa kakannina, na yi wa mahaifina da ke raye, sannan na yi wa kaina. Na tsinke zaren ibada da ke wuyana na jefa a wuta. Na shiga ruwan nan da sunana, na fito babu shi. An aika wa mahaifiyata, ta riga ta yi kukanta."

"To a warware!"

"Ba a warware mutuwa."

"Ƙarya ne! Ga ka nan kana numfashi! Ga tabon da na ji maka da almakashi a hannunka!"

"Wanda ya koma gida bayan wannan, ba shi cikin rayayyu ba shi cikin matattu. Ba mai cin abinci da shi. Ba malamin da zai ɗaura masa aure. 'Ya'yansa ba su da tsatson da za su faɗa." Ya kalli zoben da ke hannuna. "Kin yi shekara uku kina yaƙi don suna ɗaya. Ni yanzu ko ɗayan ba ni da shi da zan ba ki."

"Ban damu ba! Mu tafi inda ba a san mu ba, masoyina... don girman abin da kake bauta wa..."

"Shi na yi wa alkawarin. Ke kin san ni. Da ina karya rantsuwa, da tuni na kira ki."

Wannan ita ce maganar da ta kashe ni, domin gaskiya ce. Abin da na so shi dominsa, shi ne ya raba ni da shi.

Na durƙusa a gaban dutsen nan. Ban san lokacin da na fara magana ba.

"To shi ke nan. Tunda mijina ya mutu ranar Talata ba wanda ya aiko mini, bari in yi abin da matan mamata ke yi."

Na ɗaga hannuwana biyu na buga a kan dutsen. Awarwaron gilashina kore, dozin biyu da na saya don ranar nan, suka tarwatse. Na sake bugawa. Jini ya biyo wuyan hannuna.

"Yami...!"

Ya yi taku ɗaya, hannunsa a miƙe.

Rabin sunana ke nan. Na ɗaga kai ina jiran sauran rabin.

Hannun ya tsaya a iska, tsakaninsa da nawa bai fi taƙi ɗaya ba. Na ga jijiyar wuyansa tana harbawa. Sai ƙararrawar haikali ta fara kaɗawa a sama, ya janye hannun a hankali ya haɗa shi da ɗayan a ƙirjinsa.

"Ubangiji ya ba ki salama, Uwa."

Ya juya ya hau matakala. Bai waiwayo ba, amma sau biyu yana tuntuɓe, a hanyar da ya yi shekara uku yana bi.

Wata tsohuwa ce ta ɗaga ni, Amma Bachuli, mai toya waina a ɗakin girkin ashram. Ta yage gefen zanenta ta ɗaure mini hannu, tana faɗa.

"Ke kuma haukar taki a kan gilashi za ta ƙare? Tashi, 'yar nan. Ke ce mai barkonon, ko?"

"Ya faɗa miki?"

"Shi? Ko gishiri ya ƙare sai ya kawo zancenki."

Da tsakar rana aka rufe ƙofar haikali. Aka kunna fitilar da za ta yi wata shida tana ci a ciki ba mai ganinta, aka sa kwaɗo, aka ɗaure shi da ƙyalle. Mutane suna ta kirari suna watsa furanni, masu alfadarai suna ɗaure kaya. Mutum huɗu ne kawai za su yi hunturu a sama, cikin ƙanƙara. Na hango Bhuwan, na huɗunsu, daga nesa, a ƙarshen layi, kansa a ƙasa.

Na bi ayari muka fara gangarowa, Amma tana dafe da kafaɗata. Ban yi niyyar tambayarta komai ba. Ita ce bakinta bai iya shiru ba.

"Tun bazara babban malamin ashram yake cewa ya shirya yin jana'izar kansa, yaron nan yana ja. Yau ciwon kai, gobe bai haddace karatu ba. Kullum in waya ta yi ƙara a ofis, sai ya saki ludayi ya tsaya. Har dai malam ya ce Talata ce ranar ƙarshe mai kyau kafin a rufe, ko ya yi ko ya sauka."

Muka ci gaba da gangarowa.

"Da asuba aka sa za a yi. Ya roƙa a bari sai rana ta take. Ya je ya zauna a kan katangar can, inda ake hango hanya, yana ƙirga duk wanda ya hawo. Ya ce mini, Amma, in ƙarya aka yi mini, mai barkonon nan ba ta iya haƙuri ba, za ta zo da kanta. Sai da alfadarin ƙarshe ya iso, sannan ya tashi ya miƙa wa wanzami kansa."

Na zauna a tsakiyar hanya, alfadarai suna ratse ni.

Tun ranar Asabar maƙerin ya gama zoben. Da na karɓa na kama hanya, da Talata kafin rana ta take ina kan hanyar nan, yana hango ni daga katanga.

Sai dai a ranar na juya zoben a hannuna, na ga lu'ulu'u ɗaya ya ɗan karkace. Kawu ya ce ba mai lura. Maƙeri ya ce ba mai lura. Ni na ce Bhuwan malamin lissafi ne, zai lura, na mayar masa ya sake.

"'Yar nan, ke kuwa ina kika tsaya ranar Talata?" Amma ta tambaya.

Na buɗe ƙullin gyalena na kalli zoben. Lu'ulu'un ya miƙe sarai, ba abin da za a kushe.

"Ina shagon maƙeri, Amma," na ce. "Ina yi masa masifa ya yi sauri."