Ƙauyen da Baƙo Ke Dafa wa Kansa

Fotokofi ne ya kai Sahabi shagon Baba Fannami da ke bakin tashar Gure, amma da ya shiga sai ya tsaya riƙe da takardunsa kamar an dasa shi. Har gobe cewa yake kalandar bango ya fara gani kafin yarinyar da ke zaune a ƙarƙashinta. Ba mu musa masa ba, ba mu kuma yarda ba.

Kalandar ta tsufa, shekararta ta wuce tun yarinyar tana lakwal, wato makarantar boko. Hoton wani ƙauyen Ingila ne a jiki: gidajen dutse masu launin zuma, rufin ciyawa, furanni sun hau bakin ƙofa, ga ɗan rafi da agwagi, ga tumaki can a kan tudu kore shar.

"Na taɓa kwana a irin wannan gidan," in ji Sahabi.

Kubra, 'yar mai shagon, ta dube shi daga hula har takalmi. Takalmin duk yashi.

"A mafarki?"

"A Ingila. Sarwis ɗinmu, wato ma'aikatarmu, ya tura mu istaj na ƙaro ilimi, da muka gama na je ƙauye na huta."

"To sannu, baƙon Turawa. Kofi nawa za a yi?"

Sunan da ya bi shi ke nan. Sahabi mutumin Tawa ne, an turo shi Gure aikin tsare tuddan yashi kada su binne gonakin dabino. Daga ranar takardunsa ba su sake ƙarewa ba. Wadda aka yi wa kofi jiya, ita zai dawo da ita yau, Kubra kuwa ta karɓa ta sake yi masa.

A hankali ya ji labarin kalandar. Mahaifiyar Kubra, marigayiya Zaliha, ita ta rataye ta. Takan ce, "Dubi rufin ciyawa, kamar na ƙauyenmu, sai dai su Allah ya ba su ruwa." Tun da ta rasu ba wanda ya taɓa hoton.

Shi kuma ya ba ta labarin can. Yadda ake kama gida sukutum na ɗan lokaci, a bar maka makulli a ƙarƙashin tukunyar fure. Ka shiga ka tarar da tukwane da cokula a jere, ka je ɗan kantin ƙauyen ka sayo madara da burodi, ka dafa abin da ka ga dama. Da safe raɓa, da rana yayyafi, hanyoyi ƙanana tsakanin katangun dutse. Kubra takan tallafe haɓa ta saurara har injin fotokofin ya huce.

Ya rubuto mata saƙo ta waya wata rana: "Mai kalanda, yau na dasa itace a kan tudu, na sa masa sunanki. Ko yashi ya zo ba zai kusance shi ba."

Ta amsa: "Baƙon Turawa, ka ba shi ruwa dai. Suna ba ya raya itace."

Da magana ta yi ƙarfi, ya je gaida Baba Fannami a zaure. Ya tarar da Burahima, ɗan ƙanin Baban, mai motocin haya zuwa Damagaram, wanda ya daɗe yana ganin Kubra tasa ce ko ba a ce ba. Hira ta yi hira har aka zo kan Ingila.

"Da ka isa ƙauyen, gidan wa aka sauke ka?" in ji Baba Fannami. "Mai gari?"

"Ba kowa, Baba. Gidan ni kaɗai ne a ciki."

"Abinci fa?"

"Ni nake dafawa. Haka tsarin yake."

"Maƙwabta suna nan?"

"Suna nan. Sukan ɗaga min hannu daga nesa."

"Ba wanda ya aiko da kwano?"

"Babu, Baba."

Burahima ya gyara zama. "Mutum ya sauka gari har ya tashi ba a ba shi ko ruwa ba? Ai mutanen garin sun ga wani abu."

Baba Fannami ya ja carbinsa. Sai da baƙi suka tafi ya kira Kubra.

"Uwata, ɗayan biyu ne. Ko dai sun ga abin da ya hana su ciyar da shi, ko kuma shi ne yake jin daɗin zaman da ba kwano. Ko wanne ne, ba zan ba shi ke ba."

Kubra ta yi kuka har idonta ya kumbura. Sahabi kuwa, garin gyaran gira ya rasa ido, don ga abin da ya rubuto:

"Ki kwantar da hankalinki, hasken idona. In Allah ya yi, can zan kai ki. Mu biyu kaɗai, ba mai ƙwanƙwasa mana ƙofa."

Ta karanta saƙon, ta amsa:

"Ni a gidan da ake ƙwanƙwasa ƙofa na tashi. Da Inna ta rasu, kwanukan maƙwabta ne suka riƙe mu har muka iya hura wuta. Wataƙila Baba ya yi gaskiya."

Daga nan ta daina kula shi. Ya kira, ba ta ɗauka. Ya kawo takarda shago, ta yi kofi ta miƙa masa ba ta ɗago ba. Burahima kuwa ya fara ajiye motarsa a ƙofar gida kullum da la'asar.

Amma so ba ya ɓuya. Baba Fannami ya ga 'yarsa tana ramewa, abinci sai ta taɓa ta ture. Ya aika aka kira Sahabi.

"Akwai gidan mahaifiyata a ƙauyenmu, can bayan Gidigir. Ba kowa a ciki. Ka je ka yi mako. Yayata Yabawa tana maƙwabtaka, ita za ta faɗa min kai wane ne."

Sahabi ya yi murna, ya ce a ransa ai wannan ya iya. Ya ɗaure ƙaramin murhun gas a bayan babur, da shinkafa da taliya da tumatirin gwangwani, har da ganyen shayi da sukari.

Ƙauyen a cikin kwari yake. Sai ka hau tudun yashi sannan ka gan shi a ƙasa: dabino da goriba sun yi duhu, bukkoki masu rufin ciyawa, ɗan tabki yana sheƙi da farar kanwa a bakinsa, tumaki suna gangarowa. Ya tsaya a saman tudun ya tuna maganar marigayiya Zaliha. Ashe abin da take gani ke nan a kalandar.

Ya share ɗaki, ya kunna gas, ya ɗora shinkafa. Tana cikin tafasa aka yi sallama. Wata tsohuwa ce doguwa, da akushi rufe da faifai.

"Lale da baƙo. Ni ce Yabawa. Ga burabusko, ba yawa."

Ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi, sannan ya ce, "Iya, da ba ki wahalar da kanki ba. Na riga na dafa, kada ya lalace a wurina."

Tsohuwar ta dubi wutar gas, ta dube shi. Ta ɗauki akushinta ta juya.

Washegari ba wanda ya leƙo. A masallaci aka amsa gaisuwarsa a taƙaice. Mata a bakin rijiya suka ɗaga masa hannu daga nesa, daidai yadda ake yi masa a Ingila. Ya ci taliyarsa shi kaɗai.

Ya hau tudu neman rezon waya, ya rubuta wa Kubra: "Mai kalanda, ban san laifin da na yi ba. Garin nan ya juya min baya."

A karon farko cikin kwanaki amsa ta zo: "Iya ta kawo maka kwano?"

"Ta kawo. Na ce ta bar shi, ban so in ɗora mata nauyi."

"Inna lillahi. Ka manta al'adar Tawa ne? Baƙon da ya hura wuta ai ya ce wa gari ba ku isa ba. Kashe wutar nan, ka je ka ce kana jin yunwa."

Ya zauna a kan yashi. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba ya dawo masa, ya kuwa rubuta mata shi:

"A gidan nan na Ingila, kullum in na zuba abinci sai in zauna ta taga ina kallon hanya. Ina jiran a ƙwanƙwasa. Kyan wurin nake ba ki labari, ban taɓa ba ki labarin wannan ba."

Kubra ta karanta a shago, ta ɗaga kai ta dubi kalandar. Sai yau ta lura duk ƙofofin gidajen a rufe suke. Ta share hawaye ta rubuta: "Je ka, masoyina. Iya ba ta da riƙo."

Ba ƙaramin abu ba ne namiji da gemunsa ya je ƙofar tsohuwa ya ce yunwa. Sahabi ya ɗauki murhun da kayan girkin, ya ajiye a gaban Iya Yabawa, ya durƙusa.

"Iya, na yi kuskure. Yunwa nake ji."

"Mai murhu yana yunwa?"

"Ga murhun nan. Na bar shi."

Ta dube shi, sai dariya ta ƙwace mata. Ta zubo masa burabusko da miyar kuɓewa, ya cinye tas har ya nemi ƙari. Da zai mayar da akushin ya wanke shi, ya sa ganyen shayi da sukari a ciki, don ko a Tawa ba a mayar da kwano fanko. Kashegari fura ta zo daga wani gida, dabino daga wani. Kafin mako ya cika shi ke nuna wa mazan garin yadda ake kafa shinge a tudun da ke barazana ga rijiyarsu.

Da Baba Fannami ya kira yayarsa, ga abin da ta ce: "Ya zo Bature, ya koma ɗa. Sai dai ci gare shi, a gaya wa Kubra ta shirya."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Mutanen Tawa suka zo mota guda, kuma Burahima ne ya ɗauko su daga Damagaram, don shi ma ɗan halak ne, da ya ga ba rabo ya haƙura. Ranar da za a kai amarya, Baba Fannami ya cire kalandar da hannunsa ya naɗe ya miƙa wa 'yarsa.

"Ta innarki ce. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa kada ƙofarku ta rasa kwano."

Hutun farko da suka samu, ƙauyen su Iya Yabawa suka nufa. A hanya Kubra ta ce ita fa sai ta gwada tsarin Turawa, ta dafa wa mijinta da hannunta, su biyu kaɗai. Da safe ta ɗaura zani ta buɗe ƙofa za ta nemo itace. Ba ta sami wurin taka ƙafa ba. Akusa da ƙore da kwanuka ne a jere har bakin danga, kowanne da faifansa.

Ta juyo tana dariya, idonta cike da hawaye.

"Baƙon Turawa, tashi ka wanke hannu. An ƙwanƙwasa."