Har Ƙarshen Sunaye

Ranar Talata ce, kallon ƙarfe biyu na rana, lokacin da babu mai shiga sinima a Atlanta sai tsofaffi da waɗanda aka ba hutu a ranar da ba wanda yake so. Fim ya ƙare, aka kunna fitilu, mutane suka kakkaɓe gugguru daga jikinsu suka fice. Odell Gaither bai motsa ba. Al'adarsa ce sai ya karanta jerin sunayen nan da ke hawa allo har na ƙarshe. Da ya waiga, sai ya ga wata budurwa cikin rigar ma'aikatan kantin magani tana zaune a bayansa, tana bin sunayen da leɓɓanta.

Ya ce, "Wani kike nema a ciki?"

Ta ce, "Kai fa? Ko kujerar ce ta riƙe ka?"

"Ni sunana nake jira. Bai dai iso ba tukuna."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta yi dariya. Sunanta Renita Pettway. Kafin mai shara ya kore su, lambarta ta shiga wayarsa.

Aikin Odell ba abin ba da labari ba ne. Kwana biyar a mako yana zaune a ofishin wani kamfanin intanet, waya a kunne, mutanen da bai taɓa gani ba suna zaginsa a kan laifin da bai yi ba, shi kuma yana cewa, "Na fahimci damuwarki, madam." Shugabarsa, Madam Tolbert, har mintocin shiga bayi take auna musu. Idan hutunsa ya zo kuma aka yi sa'a, sai ya tafi inda ake ɗaukar fim, ya shiga cikin masu cika wuri a bayan jarumai. Shekara huɗu yana wucewa ta bayan mutane da kofin da babu komai a ciki, yana motsa baki ba murya. Ko kallon kyamara an hana su.

Da rana Renita takan turo masa saƙo: "Jarumina, mutum nawa suka zage ka yau?"

"Talatin da ɗaya, Rinny. Wata ma ta haɗa da kakata."

"Bar su. Talata na nan tafe, ni zan sayi gugguru."

Wata shida suna haka, sannan ta kai shi gida cin abincin Lahadi bayan an taso daga coci. Mahaifinta, Mista Pettway, dattijon coci ne, ya yi shekara talatin yana tuƙa bas ɗin gari kafin ya yi ritaya. A teburin har da Desmond, likitan haƙorin nan na cocinsu, wanda dattijon ya daɗe yana yi wa 'yarsa sha'awa. Aka zuba soyayyar kaza da dafaffen ganye da burodin masara, aka yi addu'a.

Dattijon ya ce, "Me kake yi, samari?"

"Ina aiki a kamfanin intanet, yallaɓai. Amma ainihin abin da na sa gaba fim ne."

Cokalin dattijon ya tsaya. Desmond ya yi murmushi da haƙoran nan nasa masu kama da talla, ya ce, "A wane fim za mu gan ka, ɗan'uwa? Ko sai mun zo da tabarau?"

Mista Pettway bai yi dariya ba. Ya ce, "An gama yin fim a gidan nan. Ci abincinka, Allah ya raka taki gona."

A bakin mota Renita ta gaya wa Odell abin da ta ɓoye. Mahaifiyarta, Ernestine, shekara goma sha tara ta yi tana ɗinka tufafin 'yan fim a wani ɗan shago da manyan kamfanoni ke ba kwangila. Sunan mai shagon ne yake fita a ƙarshen fim, nata bai taɓa fita ba. Idanunta suka mutu a kan keken ɗinki, sannan ita ma ta bi su.

"Shi ya sa nake karanta sunayen," in ji Renita. "Na san ba ta ciki, amma na kasa dainawa."

Ba a yi wata biyu ba aka kira Odell. Wani darakta ya ga fuskarsa, zai ba shi rawar mai tsaron ƙofar otel, har da magana guda ɗaya: "Motarka ta iso, yallaɓai." Kwana uku za a yi ana ɗauka. Ya je ya roƙi Madam Tolbert.

Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Kwana uku? Nan ba gidan wasa ba ne, Gaither. Ka zaɓa."

Ya cire katin aikinsa daga wuya ya ajiye mata a tebur. Abin da ya yi na wauta shi ne bai gaya wa Renita ba. Ƙanwar Desmond a ofishin take aiki, don haka kafin Lahadi labari ya zagaye coci, aka ƙara masa gishiri cewa korarsa aka yi.

Saƙonta ya shigo: "A bakin Desmond zan ji? A gaban Baba? Ka san yadda ya dube ni kuwa?"

"Rinny, so na yi in zo miki da abin a hannu."

"Haka Mama take cewa. Kada ka kira ni."

Ta kuwa riƙe maganarta. Odell ya koma kai wa mutane kaya da tsohuwar motarsa, Talata kuma ya zauna shi kaɗai a sinima, ya waiga ya ga kujera babu kowa. Ya ji ana cewa Desmond ba ya fashin cin abincin Lahadi a gidan su Renita. Abin ya ci shi ƙwarai, amma ya riƙe abu ɗaya: fim zai fito, za su ji muryarsa, za su ga sunansa.

Bayan wata tara fim ɗin ya fito. Ya tura wa Renita saƙo: "Talata, ƙarfe biyu. Na yanki tikiti uku. Ki zo da Baba. In ba ki zo ba, ba zan sake damunki ba."

Suka zo. Dattijon ya sa kwat kamar mai zuwa jana'iza, Renita ta zauna a tsakaninsu. Odell ya san wurin, minti na arba'in, lokacin da jarumi zai fito daga otel. Jarumin ya fito. Aka ga kafaɗar wani mai jar hula a gefen allo, sai ga mota tana gudu a titi. Shi ke nan. An yanke maganar.

Sauran fim ɗin bai san me aka yi ba. Kunya ta rufe shi. Aikinsa ya tafi, Renita ta tafi, duk a kan kafaɗa ɗaya. Da aka kunna fitilu ya yunƙura zai tashi, sai dattijon ya miƙo hannu ta gaban 'yarsa ya riƙe shi.

"Zauna. Ba a gama ba."

Suka zauna su uku, sunaye suna hawa: masu ɗaukar hoto, direbobi, masu dafa abinci, har da mai kula da karen jaruma. Babu Odell Gaither. Allo ya yi baƙi.

Mista Pettway, idonsa a kan allon, ya ce, "Sau goma sha ɗaya uwar yarinyar nan ta zaunar da ni haka. Duk lokacin da aka gama, abin da nake ce mata shi ne, ai na gaya miki. Ban taɓa ce mata na ga rigar da ta ɗinka ba, alhali na gani, kuma ta yi kyau." Ya share fuska da tafin hannu. "Na gan ka, mai jar hula. Faɗa mini abin da suka yanke."

Odell ya miƙe tsaye a cikin sinimar da babu kowa, ya ce, "Motarka ta iso, yallaɓai."

"To, ni dai na ji," in ji dattijon. "Ka je ka nemi aiki mai inshorar lafiya, don 'yata ba za ta auri jar hula ba. Ranar hutunka kuma taka ce."

Renita ta kama hannun Odell, hawaye na zuba. "In ka sake ɓoye mini wani abu, ni zan yanke ka da kaina."

Haka Odell ya koma gaban Madam Tolbert ya sunkuyar da kai. Ta bar shi tsaye har ta gama shan shayinta, sannan ta mayar da shi a matsayin sabon ɗauka. Har yau ana zaginsa sau talatin a rana, kuma babu daraktan da ya sake kiransa. Garin nan ba ya jin kunyar kowa.

An ɗaura auren a farkon bazara a cocinsu. Renita ta sa rigar da mahaifiyarta ta ɗinka ta ajiye mata tun tana makarantar sakandare, sai ɗan faɗaɗawa da aka yi. Fasto ya sa musu albarka, tsofaffin mata suka yi ta cewa Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka.

Da aka gama cin abinci a zauren coci, mutane sun fara neman jakunkunansu, sai Odell ya kashe fitila ya haska bango da majigi. Sunaye suka fara hawa: wadda ta soya kaza, wanda ya jera kujeru, wadda ta yi wa amarya kitso, duk wanda ya taɓa wani abu a bikin. Na ƙarshe ya hau shi kaɗai, ya tsaya a tsakiya.

Ɗinkin rigar amarya: Ernestine Pettway.

Mista Pettway ya miƙe a hankali ya cire hularsa. Ya ce da ƙarfi, yadda duk zauren zai ji, "Na gani, Ernestine. Ta yi kyau."