Turken da Bappa Ya Tumɓuke

Asibi na tankaɗen gero a tsakar gida ta ji muryar Bappa Jabiru, ƙanen marigayi mahaifinta, tana tashi daga zaure. Ta san Basiru ne a gabansa, saurayin da aka sa musu rana bayan girbi. Basirun ke kula da shagunan da ta gada a kasuwar bakin kogi, ya nemo 'yan haya, ya gyara rufi kafin damina.

"Farken nan na Jega mai son sayen shagunan ya yi tayi mai kyau," in ji Bappa. "Gobe kai za ka zagaya da shi."

"Bappa, turken da safiyo masu awon ƙasa suka kafa na alamar inda ruwa zai kai fa? Yana can bayan shagunan. Da an rufe dam ɗin Kainji ruwa zai haɗiye su."

"Wane turke? Na tumɓuke shi na jefa kogi."

"Wallahi ba ni iya rufe baƙo."

"To zaɓi ɗaya, ko bakinka ko ɗiyata."

Asibi ta saki rariya ta faɗa ɗakin Inna, matar Bappa, tana kuka. Inna na zaune tana jan carbi.

Da Basiru ya fito, Asibi ta tare shi a bakin ƙofa.

"Mi za ka yi gobe?"

"Ke nike tsoron rasawa, Asibi."

"In ka yi shiru saboda ni, da wane ido zan dube ka a ɗakinmu? Ka nuna ma farken inda turken yake."

Washegari, a gaban jama'a, Basiru ya kai farken har bakin ramin turken, ya faɗa masa ruwa zai ci shagunan. Ciniki ya watse. Kafin la'asar Bappa ya sa an mayar da kayan sa rana gidan su Basiru, ya hana Asibi ko leƙen zaure. Ta rame har zanenta ba ya zama, amma duk wanda ya zo da maganar aure sai ta ce tana da miji.

Damina ta zagayo, ruwa ya hau ya shanye kasuwar. Da gwamnati ta zo rabon shaguna a sabuwar kasuwa kan tudu, masu tsofaffin gine-gine aka bi, Asibi ta samu nata. Da an sayar, da baƙo ne zai karɓa.

Bappa ya zauna a zaure yana kallon ƙasa, can ya ce wa Inna, "A kira min yaron nan."

"Wane yaro, Malam?"

"Kin san shi. Kar ki tsufar da ni."

Bayan Sallah aka ɗaura aure, Basiru ya koma kula da shagunan matarsa, 'yan haya na rububi don sun san ba ya ɓoye aibi.

'Yan mata, kadara takan nutse a sake gina ta. Ku dai nemi mijin da zai yarda ya rasa ku a kan ya ci haram, ku kuma yi haƙurin jiransa.