Zanen da Bai Rufe Kaka Ba

Ruwa ake tsugawa kamar da bakin ƙwarya ranar da aka hana Melda shiga gidan kakanninta. Tana tsaye a gindin matakalar katako, ƙunshin shinkafa da naman da ta sayo wa kakarta daga Padang ya jiƙe sharkaf a hannunta, ƙanwar mahaifiyarta, Inna Rosni, ta tare bakin ƙofa.

"Kin zo da zanen?"

"Inna, wallahi ba ya hannuna. Ki bar ni in ga Kaka ko na minti biyar ne..."

"Ki ce mata me? Ki faɗa mata nawa kika sayar? Juya ki koma wurin 'yan fim ɗinki, su ne danginki yanzu."

Daga can ciki Melda ta jiyo tarin tsohuwar, tarin da ta sani tun tana goye. Ta ajiye ƙunshin a kan matakala ta juya, hawaye da ruwan sama sun haɗu a fuskarta.

Marainiya ce, Kaka Samsinar ta raine ta a wannan babban gida da ke ƙauyensu kusa da Bukittinggi. Ta tashi ba ta da wata dukiya sai alƙalami, tana rubuta labaran gajerun finafinai, kuma Allah Ya haɗa ta da daraktoci irin waɗanda bakinsu ya fi aikinsu tsawo. Na farko ya karɓi labarinta ya samu aikin tallan sabulu, shi ke nan. Na biyu ya yi aure ya ƙaura Malesiya. Na uku bai je ko'ina ba, kullum yana ɗora hoton kofin gahawarsa a waya, amma saƙonta ne ba ya gani. Sai ga na huɗu, Gilang, daga Jakarta babban birnin ƙasar, da dogon gashi da murya mai sanyi. Ya karanta labarinta na wata tsohuwar masaƙiya mai shirya jana'izar kanta, ya share ƙwalla a gabanta, ya ce wannan fim ko zai sayar da babur ɗinsa sai ya gama shi. Mutumin da ya yi kuka a kan rubutunka, wa zai ce ka yi shakkarsa?

Labarin yana buƙatar zane, gidansu Melda kuwa akwai zanen da babu irinsa. Ja ne, saƙar hannu da zaren zinare. Ba a ɗaura shi, ba a zuwa biki da shi, yana cikin akwati sai ranar da wata mace ta gidan ta rasu a lulluɓe makararta da shi. Shi ya raka mahaifiyar Melda. Da ta roƙi aronsa, Kawu Syafril ya ƙi, amma Kaka ta yi dariya ta ce, "Ku ba ta. Da a fito da shi ina kwance ban sani ba, gara in gan shi da idona a majigi."

Kwana biyar aka tsara za a yi ana ɗauka, aka yi uku. Ran na huɗu Gilang ya ce masu kyamara sun kira kayansu, za a koma Jakarta a dawo bayan mako biyu. Ya ce zanen zai tafi cikin akwatin kayan 'yan wasa, domin in aka dawo dole komai ya zauna yadda kyamara ta gan shi, hatta ninkin zanen, in ba haka ba fitowar jiya ba za ta haɗu da ta gobe ba. Wannan gaskiya ce a sana'arsu, Melda ta san haka, shi ya sa ta tsaya a gaban Kawu ta ce, "Na ɗauki nauyi. In bai dawo ba, ni za a tambaya."

Mako biyu ya zama wata biyu, wata biyu ya zama bakwai. Ta kira, ta tura saƙo, ta roƙa da girman Allah... shiru. Ranar da Kawu ya kira shi da wata lamba ya ɗauka, sai ya ce cikin ladabi, "Ayya Baba, ai hannu da hannu na ba Melda zanen a filin jirgi. Ba ta kawo muku ba?" A watan ne kuwa Melda ta sayi tsohuwar kwamfuta da abin da ta tara na wanke-wanke a wani gidan abinci. Dangi suka haɗa wannan da wancan suka yanke hukunci, babu wanda ya nemi jin ta bakinta.

Kwana tara bayan an hana ta shiga gida, Kaka ta cika. Da koren mayafin masallaci aka rufe makararta, mace ta farko a gidan da ta tafi da kayan aro. Melda ta laɓe a bayan itatuwan kirfa tana kallo daga nesa, ta toshe bakinta da gyale kada a ji kukanta. "Ya Allah, Kai ne shaidata," abin da take ta maimaitawa ke nan. "Ban ci amanarta ba... Ka wanke ni ko bayan raina ne."

Ta koma Padang ta daina rubutu. Shekara guda tana jera faranti tana kwashewa, ta rame har abokan aikinta suna tsokanarta wai a gidan abinci take amma kamar mai azumin kaffara. A nan labari ya iske ta cewa Gilang ya ɗauki labarinta a Jakarta da wasu 'yan wasa, ya sauya masa suna, ya rubuta kansa a matsayin marubuci. Ko wannan bai dame ta kamar zanen ba.

Wata safiya ta ga takardar tallan bikin finafinai da za a yi a Bukittinggi manne a bango. Ga Gilang yana murmushi, a kafaɗarsa kuwa ga jan zanen gidansu. Ta ɓamɓaro takardar, ta hau mota zuwa ƙauye, ta ajiye ta a kan matakalar gidan kakanninta ta ɗora dutse, ta juyo ba ta yi sallama ba.

Ranar bikin da la'asar zauren ya cika. Da aka gama nuna fim ɗin Gilang ya hau dandamali, ya rataya zanen a kafaɗa yana taƙama, ya ce ya sa shi ne don girmama mutanen wannan ƙasa, a wurin wani mai sayar da kayan tarihi ya saya. Ana cikin tafi wata dattijuwa ta miƙe daga tsakiyar zauren. Melda, da ke kujerar ƙarshe, ta ɗaga kai ta duba. Inna Rosni ce, Kawu na biye da ita.

"Yaro, ka san abin da ka yafa?" in ji ta. "Lulluɓin makara ne. Da ƙafarka kake yawo da kayan gawa kana washe baki."

"Hajiya, ina ganin kin yi kuskure, irinsa da yawa a..."

"Juya kusurwar hagu. Akwai ƙulli biyar na farin zare, kowace mace da ya raka an yi mata ɗaya. Na biyar ni na ƙulla, na yayata ne."

Shugabar bikin ta matso ta juya kusurwar da kanta, ta ƙirga da ƙarfi har biyar. Kawu ya ce, "Kai ne ka ce mini ka ba Melda zanen a filin jirgi, ko ba muryarka ba ce?" Gilang ya shiga kame-kame, gumi na zuba, wayoyin jama'a duk sun ɗago suna ɗaukarsa. Melda ta fito ta miƙa wa shugabar saƙonnin da ta tura masa labarin da su, da kwanan watansu. Kafin magariba an cire fim ɗin daga gasar, masu ɗaukar nauyinsa sun janye, Kawu kuma ya karɓe zanen ya tasa ƙeyar Gilang zuwa ofishin 'yan sanda.

A bakin zauren Inna Rosni ta durƙusa ta kama ƙafafun Melda. "Ki yafe mini, 'yar yayata. Na zalunce ki... Har kakarki ta cika tana cewa a buɗe miki ƙofa, tana cewa Melda ba ta sata. Ni na hana."

Melda ta ɗago ta suka rungume juna suna kuka, tana cewa, "Na yafe, Inna, na yafe."

Washegari da hantsi gidan kaf suka tafi maƙabarta. Suka shimfiɗa zanen a kan kabarin da ciyawa ta riga ta rufe, Kawu ya yi addu'a. Da aka shafa, Inna ta ciro allura da farin zare daga gefen gyalenta ta miƙa wa Melda.

"Ke ta ce ki yi mata nata."

Sau uku zaren yana kuɓucewa saboda hawaye sun hana ta ganin kafar allurar. A na huɗu ya shiga. Ta durƙusa a wajen kan kabarin, ta yi ƙulli na shida, ta ce a hankali, "Kaka, ga shi na dawo da shi. Ki yi haƙuri na makara."